Gaisuwar da Ta Fasa Silin Baffa

Ba zan taɓa mantawa da shuɗin tamfol ɗin nan ba. Shi na fara hangowa da muka sauka daga bas a Port Richmond, ni da Mama, tun kafin in gane wanne ne gidan Baffa Lawali a cikin jerin gidajen katakon layin. An shimfiɗa shi a gefe guda na rufin, an danne bakinsa da guntayen katako, iska tana ɗaga kusurwa ɗaya tana saki, kamar gidan yana miƙo mana gaisuwa a gajiye. A ƙofar gida kuma an ajiye wani ƙaton akwatin ƙarfe na zuba shara, babu komai a ciki tukuna sai busassun ganye da ledar burodi guda.

Ranar Asabar ce. Masu sauya rufi za su zo Litinin, shi ya sa Baffa ya ce duk mai hannu a dangi ya zo a kwashe kayan da ke atik (wato sararin nan da ke tsakanin silin da rufi, inda mutanen ƙasar nan suke tura duk abin da ba sa amfani da shi kuma ba za su iya zubarwa ba). Wannan shi ne dalilin da aka faɗa a fili. Ainihin dalilin zuwana kuwa, Kaka ce.

Kaka ita ta haifi Baba da Baffa. Daga Maradi aka kawo ta aikin ido, ta sauka gidan Baffa saboda shi ne babba. Rabona da ita tun ina goye, don haka ranar da ta iso aka kwashe mu muka je gaishe ta. Ni kuwa ga halina: ina jin Hausa sarai, har gulmar da manya suke yi suna zaton ba na ganewa, amma da zarar an zuba mini ido an ce in yi magana, sai harshena ya naɗe. Falo cike da mutane, aka tura ni gaba aka ce, “Ga ɗiyar Sani nan.” Na tsaya ƙiƙam a gabanta, na ɗaga hannu na kaɗa yatsu, na ce, “Hi, Kaka.” Lokacin idonta ba ya gani sosai. Ta miƙo hannu ƙasa, daidai inda kan yarinya mai tarbiyya ya kamata ya kasance, ta shafo iska. Ta sake lalubawa, ta kamo gwiwata. Babu wanda ya yi dariya, kuma shirun nan ya fi dariya ciwo.

Kafin mu koma unguwarmu Harlem, hukunci ya riga mu isa gida. Kaka ta ce in ta tashi komawa da ni za ta tafi, in zauna a hannunta shekara biyu ko uku in koyi zama da mutane, makaranta kuma a can ma akwai. Baba ba ya musu da Kaka. Ko a waya suke magana, sai ka ga ya sauko daga kujera ya tsuguna. Iyakar abin da Mama ta samu daga bakinsa shi ne, “Bari idonta ya warke ta sake ganinta. Abin da Hajiya ta yanke, shi ke nan.” Mama ta tashi. Ta shiga kicin ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke, ina jin tana jan hanci. Ni kuma na kwanta ina lissafa abin da zan bari: Mama, ƙanena, da kujerar nan ta kusa da taga a laburaren makarantarmu, wadda babu mai zama a kai sai ni.

Washegari aka buɗe makarantar gaisuwa a gidanmu. Ajin shi ne ɗan lungun da ke tsakanin firji da ƙofar bayi. Mama takan zauna a kujera ta yafa tawul a ka, ita ce Kaka, ni kuma in fito daga ɗaki in yi sallama.

“Kin taho kamar soja. Koma.”

In koma.

“Idonki a ƙasa. Ba a ƙasan ba kamar kin zubar da allura! Koma.”

Abin da ta fi nanatawa shi ne kada in kuskura in tsaya wa babba a ka. “Duk inda kika ga kin fi babba tsawo, ja da baya ki yi ƙasa. Kada ki tsaya tunani, jikinki ya yi da kansa. Ki tambayi wuni, ki tambayi gajiya, ki tambayi jiki, ki bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Kuma kada ki tashi sai an ce ki tashi.” Haka muka yi ta yi kullum bayan na dawo daga makaranta, har gwiwoyina suka yi baƙi, har ya kai in Baba ya shigo gida ba zato sai in ji ni a ƙasa kafin in san na durƙusa. (Rannan saura kaɗan in durƙusa wa mai kawo wasiƙa.) Ko a cikin jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane zuwa Staten Island, tsibirin da unguwar su Baffa take, 'yan yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoton teku, ni ina maimaita sunayen goggonnina a zuci.

To, sai muka hau benen Baffa muka tarar Kaka ba ta nan. Baffa da iyalinsa a sama suke zaune, ƙasan ya ba wasu 'yan Meziko haya. Tanti Rabi, matar Baffa, ta ce Hajiya Fati maƙwabciyarsu, 'yar Kumasi, ta ɗauki Kaka sun tafi barkar haihuwa, sai bayan azahar. Na ji daɗi kuma na ji haushi. Gaisuwar da na ɗauko tun daga Harlem tana cike da bakina kamar ruwan kurkure, babu inda zan zubar.

“Bon, to,” in ji Baffa, yana tafa hannu. “Mai rufin ya ce in suka fara ɓamɓare tsohon, dattin shekara da shekaru duk ciki zai zubo, da ƙusa da ɓaraguzai. Abin da za a iya saukewa a sauke, wanda ba a iyawa a lulluɓe shi da leda. Rabi, hotunan bango da agogo duk a cire, guduma tana girgiza gida.”

“Kwanukana dai, Alhaji. Su za a fara saukewa.”

“Mun sani. Kwanukanki sun fi mu daraja a gidan nan.”

Aka shirya mu, ni da Balki 'yar Baffa, wadda ta girme ni kaɗan. Ni aka ba ni tsohuwar rigar Baffa da ta sauko mini har gwiwa, da takunkumin hanci, Tanti ta ɗaura mini ledar kanti a kan ɗankwali saboda ƙura, Balki kuma ta ara mini tabaraunta na ninƙaya don kada wani abu ya faɗa mini a ido. Na wuce ta gaban madubi na ga kaina, na gode wa Allah da Kaka ba ta gida.

Ƙofar atik ɗin a silin take, a ɗan korido kusa da falo. Ana jan igiya sai tsani ya warware ya sauko. Da na leƙa kaina ciki, zafi ne ya fara tarbata, da warin tsohon katako da ya sha ruwa. Rufin ya sauko ta gefe biyu kamar tanti, sai a tsakiya kaɗai babba zai iya miƙewa. Ta inda rufin ya hudu haske yana shigowa siri-siri, ƙura tana yawo a cikinsa a hankali. An jera tukwane da bokitai a wuraren da ke yoyo, har da wani tsohon kwanon wanke hannu mai zanen fure.

“Atansiyo, a yi hattara,” in ji Baffa, ya haska ƙasa da tocila. “Ku dube ni nan. Tsakiya an shimfiɗa katako, ku taka yadda kuke so. Gefe kuwa, ƙafa a kan waɗannan katakan masu kauri kawai. Audugar nan ruwan hoda da kuke gani tsakaninsu ba ƙasa ba ce. Ƙarƙashinta silin ne, silin kuwa ɗan allo ne na farar ƙasa, ko kyanwa ta yi masa nauyi.”

“We know, Baba,” in ji Balki.

“Da ke nake, sarkin gaggawa. Wannan,” ya nuna ni da tocila, “ba na jin ta. Tafiyarta ma ba a ji.”

Na sunkuyar da kai ina jin daɗi a cikin takunkumina. Ba kasafai ake yabona ba, don ba kasafai ake lura ina wurin ba.

Aikin ya yi mini daɗi, gaskiya. Mu muna miƙa kaya, Baffa yana tsaye a kan tsani yana karɓa, Mama da Tanti suna jerawa a ɗakin Balki. Muka sauke kwalayen kuloli da kwanukan da Tanti take tara wa Balki na aure tun tana rarrafe (Balki ta ce in dai ita ce, sai kwanukan sun yi tsatsa, karatun haɗa magani za ta yi). Muka sauke jakunkunan hulunan sanyi da safar hannu na shagon Baffa, waɗanda ke jiran hunturu. Muka tarar da kayan tsofaffin masu gidan da babu wanda ya taɓa buɗewa: fitilun Kirsimeti da suka sarƙe, da keken ɗinki mara ƙafa, da takalmin jariri guda ɗaya fari. Abin da ya fi ƙarfin ƙofar, irin su katifa da tsohon kabad, muka lulluɓe da leda muka manne bakin da salatif. Ni ce ƙarama, don haka ni ake turawa can ƙurya inda rufi ya kusa haɗuwa da ƙasa. Na iya tafiyar kan katakan nan kamar a kansu aka haife ni. Ƙafa ɗaya nan, ɗaya can, hannu a jikin rufi, ina kauce wa bakin ƙusoshin da suka leƙo.

Can Tanti ta leƙo ta kira ni da raɗa.

“Ɗiyata, akwai wani farin buhu can ƙarshe, bayan kabad. Na Hajiya kakarki ne, tsarabar da ta zo da ita. Daddawar ciki ce ta hana mu sakat, har mutanen ƙasa sun hau suna tambaya ko ɓera ya mutu a bango. Na ce mata na adana shi wuri mai kyau. Ki fito da shi kafin ta dawo, kada ta san inda ya kwana.”

Daidai lokacin leda ta ƙare, Baffa ya fita sayo wata. Balki ta ji wayarta tana ƙara ta sauka, ta ce minti ɗaya (mintin Balki a waya kuwa kowa ya san tsawonsa). Na rage ni kaɗai. Na zauna a kan katako na ɗan huta, ina kallon igiyoyin hasken nan. Na ce a raina, da za a bar ni in zauna a nan, da babu wanda zai sake cewa in yi magana.

Ina can bayan kabad ina jan buhu na ji sallama a ƙasa, da ƙarar takalma a bene, da dariyar mata. Sun dawo da wuri, kuma ba su biyu ba ne, Hajiya Fati ta jawo ƙawayenta a zo a ga yadda idon Kaka ya warke. Ta cikin silin ina jin komai: ana shimfiɗa ledar cin abinci a falo, ana ajiye faranti, murfin kula yana ƙara. Nan take na tsara komai a kaina. Zan lallaɓa da buhun in ajiye a bakin ƙofa, in jira sai hira ta yi zafi, in sauka a ɓoye in shige bayi, in wanke fuska, in sa hijabina mai ruwan toka, sannan in fito in yi sallama kamar yadda aka koya mini. Shiri mai kyau ne ƙwarai. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, wata daga cikin matan ta ce wa Kaka, “Ashe jibi za a kware muku rufi,” Kaka kuma ta tambayi inda buhunta yake, Tanti ta yi in-ina, ido mai sabon gani kuwa ya hango tsani a korido.

Na taho rungume da buhu, ƙafa ɗaya a kan wannan katako, ɗaya a kan wancan, saura ƙiris in kai inda aka shimfiɗa katako, sai ga farin mayafi yana ɓullowa daga ƙofar. Sai goshi. Sai tabarau mai kauri. Tsohuwar da aka ce ko bene kada ta hau ba a riƙe ta ba, ita ce ta hau tsani.

“Wa ke nan? Ina buhuna?”

Kanta yana daidai idon sawuna. Ban taɓa tsaya wa babba a ka irin na ranar ba, tsawona duka a samanta yake. Mama ta ce kada in tsaya tunani, jikina ya yi da kansa. To, ya yi. Na ja da baya taku ɗaya cikin ladabi, na kai gwiwa ƙasa da dukan nauyina.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an karya biskit babba. Audugar ta buɗe, ƙafata ta dama ta wuce har cinya, na ji iska mai sanyi tana kaɗa mini ita a wata duniyar. Ɗaya gwiwar ta tsaya a kan katako, don haka in ka dube ni daga sama, a durƙushe nake daidai yadda ya kamata. Bakin buhun ya kwance, wani ƙulli ya gangaro ya bi ta gefen ƙafata ya faɗa. Abin da ya faru a ƙasa ban gani ba, Balki ce ta ba ni labari daga baya, kuma ta ba ni shi fiye da yadda nake bukata. Ta ce guntun silin mai faɗin faranti ya sauka a tsakiyar shinkafa, ƙullin kuka ya bugi gefen tebur ya fashe, falo ya turnuƙe da koren gari, sannan takalmina ya biyo baya a hankali, shi kaɗai, kamar ya tsaya neman izini.

“Ei! Wayyo Allah, ƙafa ne!” Muryar Hajiya Fati ke nan. “Ƙafa ya fito daga sama!”

Wata tana salati, wata tana tari.

Ni kuwa me na yi? Mai hankali zai yi ihu ne ko ya nemi taimako. Ni na sauke takunkumina zuwa haɓa, na sunkuyar da kai, na ce, “Ina wuni, Kaka.”

Ta dube ni ta cikin tabaraunta, ni ma ina kallon ƙasa ta cikin nawa na ninƙaya. Ta dubi ledar da ke kaina, ta dubi inda ƙafata ta ɓace. Amma gaisuwa gaisuwa ce, wanda aka gaisar dole ya amsa.

“Lahiya lau.”

“Ya gajiya?”

“Babu gajiya.”

“Ya jiki? Ya idon?”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ga shi har ina ganin abin al'ajabi.”

A ƙasa wata ta ce, “Jama'a, ƙafar wa ce wannan?” Sai na ji muryar Mama, a hankali, kamar mai amsa laifi a gaban alƙali: “Tawa ce.” Na ji an jawo kujera, na ji hannu mai ɗumi ya riƙe mini diddige ya tallafe. Da na san hannun waye, sai na ci gaba.

“Ya mutanen gida? Ya su Goggo Mariama?”

“Suna lahiya.”

“Ya Goggo Hassana da yara? Ya ƙafar Baffa Isa?”

“Ta yi sauƙi. Ta hi taki, dai.”

Na bi su duka, ban tsallake kowa ba. Da sunayen suka ƙare, Kaka ba ta ce in tashi ba, ta tsaya tana kallona kawai, ni kuma an hana ni yin shiru a gaban babba kamar gunki. Na lalubi kaina ban sami kowa ba. Na ce, “Ya... ya awaki?”

Na ji Mama ta matse mini diddige.

“Awakin ma lahiya lau,” in ji Kaka, ko gezau. “Guda ta haihu kahin in taho.”

“Allah ya raya.”

“Amin. To, tashi.”

“Kaka,” na ce, kuma wannan ce jimlar Hausa ta farko da na taɓa yi mata wadda ba a koya mini ita a gaban firji ba, “ba zan iya ba.”

Sai a lokacin ta yi dariya. Dariyar ta fara daga kafaɗa, ta girgiza mayafin, ta girgiza tsanin, har Tanti ta rugo ta rungume ƙafafunta tana cewa, “Hajiya, don girman Allah ki sauko, ɗaya ta ishe mu!”

Baffa ya dawo da leda a kafaɗa ya tarar da gidansa haka. Shi ya hau ya kama ni ta hammata, Mama tana turowa daga ƙasa, aka zare ni kamar ana cire ƙusa. Ban karye ba, ƙujewa ce kawai daga gwiwa zuwa cinya, sai ƙaiƙayin audugar nan da ya kama ni ko'ina. Ya leƙa ramin, ya hango baƙinsa a ƙasa suna kakkaɓe kuka daga mayafansu, su ma suka ɗago suka hango shi. Ya gaishe su ta ramin (me zai yi?), sannan ya juyo ya dube ni. Na jira faɗa.

“Ni na kira masu rufi don ruwa ya daina zubowa daga sama,” ya ce. “Ashe yara ma suna zubowa.”

Da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi.

Abin bai ƙare a nan ba, don baƙi suna falo kuma ban gaishe su ba. Babu batun hijabi mai ruwan toka. Haka na fito, takalmi ɗaya, rigar Baffa ta yi fari da ƙura, shatin tabarau ya zagaye mini ido, na bi su ɗaya bayan ɗaya na durƙusa a ƙarƙashin ramin da na haƙa, garin silin yana ci gaba da sauka mini a ka kaɗan-kaɗan. Kowacce tana amsawa tana cije leɓe. Hajiya Fati ta dafa kaina ta ce, “Sannu, sannu. Kai, wannan yarinya! Gobe in zai gaishe ni, ya tsaya a ƙofa, ni gidan haya nake.” Shinkafar dai ba ta ciwu ba, Tanti ta dafa taliya a gurguje. Baffa ya ɗora katako a kan ramin ta sama, ya manna leda ta ƙasa, ya kira wani abokinsa mai gyaran silin. Sauran aikin atik ɗin shi da Balki suka ƙarasa. Ni aka ce in tsaya a ƙasa in riƙa karɓar kaya, kuma ban yi gardama ba.

Bayan la'asar baƙi suka watse, Kaka ta aiko a kira ni ɗakinta. Na tafi. A raina na riga na fara haɗa akwati. Wace tsohuwa ce za ta ga jikarta ta fasa gida, ta ɓata abincin baƙi, ta zubar mata da kukar da ta ɗauko tun daga Maradi, sannan ta ce tarbiyya ta yi?

Ta sa na zauna a bakin gado, ta buɗe wani ɗan gwangwani na man kaɗanya, ta kama ƙafar tana shafawa. Hannunta yana da kaushi amma ba ya da nauyi.

“Wa ya koya miki gaisuwar ga?”

Na rasa ko amsar za ta ceci Mama ne ko za ta kashe ta. Na ce, “Mama.”

“Har da ja da bayan?”

“Eh.”

“Ba ta hwaɗa miki a duba ƙasa ba?”

“Baffa ya faɗa.”

“To, mi ya sa ba ki duba ba?”

“Na gan ki ne, Kaka.”

Ta rufe gwangwanin. Sannan ta ɗaga murya: “Zuwaira!” Mama ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, hannunta da kumfar wanke-wanke.

“Ɗiyar ga taki, bar ta nan wurinki. Ɗakina na can tsohon gini ne, bai iya ɗaukar ladabinta.” Ta gyara tabarau. “Wadda ƙahwarta ke rataye ba ta yanke gaisuwa ba, an yi mata tarbiyya. Ta zo mini hutu dai, ta ga dangi, ta komo lakwal ɗinta ta ci gaba da karatu. Allah shi yi miki albarka.”

Mama ta ce amin, kanta a ƙasa. Ta sa gefen zani ta goge ido, ta manta da kumfar da ke hannunta, sai ga hawaye na gaske da dalili. Ta tashi da sauri ta koma kicin.

Darasin da na ɗauka ba shi da zurfi, amma ya zauna mini. Ladabi abu ne mai kyau, har yanzu ina durƙusa wa manya, sai dai kafin in kai gwiwa ƙasa nakan tabbatar ƙasar ce. Ko a kan siminti nake, sai na ɗan taɓa da yatsan ƙafa tukuna. Ƙawayena na islamiyya suna zaton wata sabuwar yanga ce.

Kafin mu tafi a yammacin nan, na ga alamar labarin ba zai mutu a Port Richmond ba. Na leƙa ta taga na hango Kaka a ƙofar gida tana ba matar ɗan hayar Baffa labari, ita ba ta jin Hausa, Kaka ba ta jin yarensu, amma ga Kaka ta ɗaga ƙafa ɗaya tana kaɗawa, matar tana riƙe ciki. Wanda ya iya ba da labari haka ba tare da yare ba, ina ga ya isa Maradi inda kowa ke jin sa? Da farko na yi niyyar in roƙe ta ta ce Balki ce. Sai na tuna in aka ce Balki ce, yabon tarbiyyar Tanti Rabi zai tafi, alhali Mama ce ta sha zama a gaban firji da tawul a ka.

Da muka je yi mata sallama, na duba ƙasa, na durƙusa, na jira har Mama ta fara sauka bene. Sannan na tattaro ɗan ƙarfin halin da ya rage mini, na ce, “Kaka, don Allah in kin je gida kina ba da labarin nan, ki fara da cewa na durƙusa. Ƙafar ta zo daga baya.”